Tsakuwa Talatin da Bakwai

Duk abin da zan manta a duniya, ban da wata azahar a unguwar Birni, nan Damagaram.

A lokacin ni mashayi ne, ba na ɓoyewa. In wuni ina gyaran mota, da an tashi in lallaɓa wajen masu giya. Tun ina yaro nake jin cewa wanda ya sha, sallarsa ba ta karɓuwa sai bayan kwana arba'in. Ni kuma da guntun ilimina na yanke wa kaina hukunci: ba zan tsaya gaban Allah ba sai na cika arba'in ban kurɓa ba. Sai yanzu na gane inda na samo wannan. Muna lakwal, wato makarantar boko, mushenmu, malamin ajinmu ke nan, kan tsaya bakin aji da bulala yana duba hannuwa, mai datti ya koma gida. Haka na ɗauki Allah, Mai tsaron ƙofa.

Na samo gwangwanin tumatir, duk ranar da ban sha ba in jefa tsakuwa ɗaya. In na sha, in zubar, in sake daga farko. Shekara huɗu ina wannan wahala, goshina bai taɓa ƙasa ba.

Sau ɗaya na kai talatin da bakwai. Sai ga bikin wani abokin aiki, na ce kofi ɗaya ai ba komai. Washegari na hau duwatsun bayan gidanmu, na juye gwangwanin, na zauna ina kallon tsakuwoyin. Wallahi ranar na fid da rai da kaina.

Ana kiran azahar sai ga wani tsoho maƙwabcinmu, majemi, riƙe da buta.

"Ɗana, ba ka ji kira ba ne?"

"Baba, saura min kwana arba'in."

Na kwashe komai na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya miƙo hannunsa daidai hancina. Warin fata ya buge ni.

"Shekara hamsin ina wanke hannun nan, warin bai fita ba. Da jira nake, da har yau ban yi salla ba. Kai da kake gyaran mota, ka taɓa ce wa mai mota sai ta gyaru zai kawo ta? Wanda kake wa ɓuya, Shi ya fi ka tausayin kanka. Riƙe butar nan."

Na yi alwala, na bi shi masallaci. Da na yi sujada, kuka ya hana ni ɗagowa, kuma babu wanda ya kore ni.

Ba zan yi ƙarya ba, ban daina ranar ba. Na sake faɗuwa har sau uku, sai da na haɗa da zuwa likita. Amma duk faɗuwar da na yi, masallaci nake nufa, ba bayan duwatsu ba, kuma a haka abin ya sake ni.

Abin da na koya shi ne, yadda ka ɗauki Ubangijinka, haka za ka yi in ka faɗi: ko ka gudu, ko ka matso. Gwangwanin yana nan a garejina, kusoshi nake zubawa ciki. Kwana nawa ke nan rabona da giya? Ban sani ba, na daina ƙirga.