Gadar da Ta Karye a Kaina

Ko zan manta da komai na zamana a Agege ta Legas, ban da ranar da likita ya zana mini taswirar cikin kaina.

Shekarar da soja suka miƙa mulki na bar tuƙin tankar mai a Apapa, na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata. Burina in karanta wasiƙar 'yata da ke aure a Gusau da kaina, kada wani ya riƙa jin sirrinmu. Shekara biyu ina fama, na fara haɗa kalma ke nan hawan jini ya kayar da ni. Na tashi ina iya rubuta sunana, amma in na dube shi sai in ga kamar sawun kaza.

Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwata. Likitan Bayarabe ne haihuwar unguwarmu, Hausa a bakinsa tsaf. Da ya ga ban fahimci komai a hoton ba, sai ya yi ɗigo uku a takarda, ya ja layi tsakaninsu.

"Baba, nan tashar ido ce, nan ta hannu, nan ta magana. Kullum saƙo suke aika wa juna. Gadar ido zuwa magana ce ta karye, ta hannu tana nan. In hanyar Ojota ta cushe, komawa kake yi da man?"

Na ce, "Sai dai in zaga."

"To zaga. Bi harafi da yatsa."

A makon ne wasiƙar 'yata ta iso. Maƙwabta suka ce a kawo su karanta, na ƙi. Mai ɗakina ta riƙa baza garin masara a tire, in kwaikwayi harafin a kai, hannu ya tuna mini sunansa. Takan ce, "Malam, na tuwo ne fa, kada ka rubuce mana shi duka."

Sai da na yi sati bakwai kafin na kai layin ƙarshe: 'yata ta haifi namiji, an sa masa sunana. Na ɗago kai, na ga mai ɗakina tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ai wani direban tumatir da ya zo daga Gusau ya gaya mini tuntuni," in ji ta. "Na bar ka ka iso da kanka."

Tun ranar na gane cewa in hanya ta toshe, akwai wata a cikin mutum, in ya samu mai haƙurin jiran isowarsa.