Tsibin Kuturtar Gujiya a Iyakar Gamanata

Waɗanda suka tsaya a bakin gamanata ranar nan ban manta ko ɗaya ba. Akwai mai garin ƙauyenmu, nan gefen Jiratawa. Akwai malamin gona da kumandan, Baturen mulki, ya turo daga Maraɗi, wani saurayi mai gajeren wando wanda kowa ke ce wa mushe, wato malam da Faransanci. Akwai gardi, dogarin Nasara, da jar hularsa, bulala a hammata. Akwai wan mijina, wanda gonarsa ta yi iyaka da tawa ta gabas. Sai ni. Mijina ba ya nan, tun saukar ruwan fari aka kwashe su aikin hanyar Nasara, kuma ba wanda ya tambaye ni ko zan iya da damina ni kaɗai.

Gamanar nan ɗan fili ne da aka yanka mini tun ina amarya, ita kaɗai ce tawa ta kaina. Gujiya nake sawa. Daga cikinta nake fitar da mai da ƙuliƙulin da nake kaiwa kasuwar Tsibiri, daga cikinta kuma nake ware irin baɗi. Irin nan uwata ta ƙulla mini shi a bakin zane ranar da aka kawo ni, ban taɓa haɗa shi da na kowa ba. Da za a tuge gamanar duka, da irin ya ƙare daga hannuna.

A shekarar nan na yi lattin shuka, don sai da na gama hatsin gidanmu kafin in waiwayi nawa. Duk da haka ta fito kore shar. Kuturta ba a wajena ta fara ba, a gonar wan mijina ta fara. Wanda bai taɓa ganinta ba, ganyen ne ke murɗewa ya ɗashe, gindin ya tsugune ya dunƙule kamar hannun kuturu. In ka tuge ba ka samun komai sai saiwa. A kan tohon kuma ga wasu baƙaƙen ƙwari ƙanana sun yi dafifi, in ka taɓa hannunka ya yi danƙo.

Aka yi shela cewa kumandan ya ce duk mai kuturta a gona ya tuge ya ƙone. Wan mijina ya tuge, amma bai ƙone ba. A gidansu ba a kunna wuta a gona muddin amfani na tsaye. Kakanninsu Anna ne, masu bautar iskoki, sun ce iskar da ake kira uwar gona ba ta son hayaƙi da damina, kuma ko da yake yanzu duk suna salla, wannan dai ba su sake ta ba. Ni ma ban ce su sake ta ba. Abin da ya rage masa shi ne ya ɗauki kayan a ka ya kai yashin gulbi, inda ba gonar kowa. Amma shi babba ne, yaya za a gan shi da kwando a ka kamar mace? Sai ya tsiba su a kan gambar da ta raba gonarsa da tawa.

Kowace safiya ina wucewa ina duban tsibin nan. Na gan shi ya yi yaushi. Na ga ƙwarin sun bar shi sun hau kunyata ta farko. Na je na same shi na ce, "Yaya, a kwashe abin nan." Ko kallona bai yi ba, ya ce iyaka rabi tasa ce. Kafin kasuwa ta zagayo, gefen gabas na gamanata ya fara murɗewa.

To, da malamin gona ya iso, wa ya ja shi zuwa gamanata tun bai sha ruwa ba? Wan mijina.

Malamin ya ce, "Inna, wagga gona taki ce?"

Na ce tawa ce.

"Ba ki ji shela ba?"

"Na ji. Kunnena ƙalau yake."

Gardin ya yi dariya ya ce, "Bakin ma da alama ƙalau yake."

Wan mijina ya matso yana sunkuyar da kai, abin da ban taɓa ganin ya yi wa uwarsa ba. Ya ce, "Mushe, matar ƙanena ce, taurin kai gare ta. Daga nan cutar ke shigo mini gona."

Na juya ga malamin. Na nuna tsibin da bakin hauyata na ce, "Mushe, tambayi wancan, shi ya san daga inda ya fito."

Wan mijina ya ce ciyawa ce. Malamin ya je ya juya tsibin da sandarsa. Ganyen gujiya ne a murɗe, ko makaho ya shafa zai gane. Ya dubi tsibin, ya dubi gonar gabas da aka tuge wuri-wuri, ya dubi mai gari. Mai gari ya yi gyaran murya ya hau duban sama kamar hadari ya taso. Shi da wan mijina akushi ɗaya suke ci, kowa ya sani.

Malamin ya ce, "Ni ban zo shari'a ba. Ko daga ina ta zo, yanzu a gonarki take, kuma in an bar ta za ta ci ta maƙwabta." Gaskiya ya faɗa, kuma saboda gaskiyar nan na fi jin haushinsa. Ya juya ga gardin ya ce a tuge duka, a sa wuta nan take.

Sai a lokacin mai gari ya tuna yana da baki. "Wuta dai a gona a'a, mushe. A yi haƙuri da wuta." Gujiyata bai ce a yi haƙuri da ita ba.

Gardin ya faɗa cikin kunyoyin gujiyar da takalmansa. Bai nufi gabas inda cutar take ba, nan kusa da ƙafarsa ya damƙi wani gindi mai lafiya ya fizge. Ga 'ya'ya farare sun fara ƙullawa, suna reto. Na shiga gabansa na ce, "Aje ta."

Ya zaro bulala.

Na ce, "Buga mana. Mijina na can yana fasa muku dutse, kai kuma ka fasa matarsa, aikin ya cika."

Malamin ya ɗaga hannu, gardin ya sauke bulalar yana ƙunƙuni. Ban ce tausayi ya ji ba. Rana ta yi, kuma akwai gonakin Tsibiri a gabansa. Ya ce, "Inna, gobe kafin azahar zan biyo ta nan. In na ga gindi ɗaya mai kuturta, gamanar duka za ta tafi. Kuma kada ki aje abin da kika tuge kusa da gona. In ganyen ya bushe ƙwarin sauka suke su nemi ɗanye."

Na ce, "Wannan karatun ga mai shi nan tsaye bayanka."

Wan mijina ya ce, "Ke, ki iya bakinki. A gidanmu kike."

Na ce, "A gidanku nake, Yaya, shi ya sa na san inda kuke zubar da shararku."

Suka tafi. Na ɗauki gindin da gardin ya fizge na mayar da shi raminsa na danne da ƙafa, ko da yake na san ba zai kama ba.

Washegari ina sallame asuba na ɗauki kwando na fita. Na bi gamanar kunya-kunya a durƙushe, ina juya ganye. Wanda ya murɗe na tuge. Wanda na ga ƙwari a tohonsa na tuge. Akwai waɗanda na tsaya a kansu ina shakka, raina na cewa bar su ko za su warware, su ma na tuge, don na san idon malamin nan ba zai yi musu uzuri ba, cutar ma ba za ta yi ba. Gefen gabas duka ya tafi. Abin da ya rage ya tsaya kore, shi ne kuma ya ba ni irin baɗi.

Na yi ta jigila a ka zuwa yashin gulbi, har da tsibin wan mijina na kan iyaka, ban bar ko ganye ɗaya ba. Ɗanyen ganye ba ya cin wuta, sai da na zare kara daga dangar gidana na shimfiɗa a ƙasa. Na tsaya a kai har ya cinye.

Da tokar ta huce na kwashi cikin ƙwarya na nufi gari. Wan mijina na zaune a ƙofar zaurensa da mutane, ana shan kunu. Na yi sallama, aka amsa. Na durƙusa yadda ake durƙusa wa babba, na juye tokar a gaban ƙafarsa na ce, "Yaya, ga ajiyarka da ka bari a iyakata." Na kakkaɓe ƙwaryata, na koma bakin gamana na zauna jiran malamin gona.