Maficin Kakata

Tun ina saurayi na ƙudurta cewa marubuci zan zama, irin mai ba mutane dariya da labarin gidansu. Da Allah ya tashi ba ni abin yi sai ya miƙo mini alli, na zama malamin insha'in Larabci a wata firamare a Mai Wurno, garinmu na jikokin Hausawa da ke bakin kogi, kudu da Khartum. Ban damu ba. Na ce koyarwa ta riƙe ciki, rubutu ya fitar da suna. Yau ga furfura a gemuna, sunan bai wuce bakin kogi ba, cikin ma da ƙyar ake riƙe shi.

Duk abin kirkin da na taɓa rubutawa, a kan kakata ne, mahaifiyar babana. A wurinmu jika namiji mijin kakarsa ne na wasa. Yana da izinin ya kira ta tsohuwa mai rowa, ya ce zai sake ta, ita kuma ta kira shi miji marar cefane. Wannan wasan na kwasa na zuba a takarda. Na rubuta yadda take ɓoye sukari a ƙarƙashin matashi kamar hukuma za ta zo ƙwace, da ranar da ta hana motar zuwa garin Sinnar tashi sai da ta gaisa da kowa a ciki, har da tambayar lafiyar awakinsu.

Ba ta karatu, don haka da la'asar nake zuwa in karanta mata, tana zaune a bakin angarib, gadonta na igiya, tana soya gahawar jabana, wadda ake dafawa a 'yar butar ƙasa. Tana da wani tsohon mafici na kaba da take hura garwashi da shi. In rubutu ya yi daɗi, sai in ji maficin a ƙeyata, fau, tana dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ɗan nema! Wa yac ce maka ina ɓoye sukkar? Halas, shi ke nan, na sake ka, tashi ka ba ni wuri."

"Mace ba ta saki, tsohuwa."

"Wagga tana yi."

In kuwa bai yi ba, sai ta ci gaba da fifita wutarta, ta ce gahawata na hucewa. Ban taɓa samun mai gyaran rubutu kamarta ba, kuma ba ta taɓa yi mini kara ba.

Na mayar da wasu zuwa Larabci na aika wa wata jarida a Khartum. Suka buga, na yi ta yawo da jaridar a aljihu har ta yage. Ba a daɗe ba editan ya kira ni. Wai masu karatu sun yi ƙorafi, wane irin malamin makaranta ne ke kiran kakarsa matarsa, har yana yi mata gorin haƙora? Na yi masa bayanin al'adar. Ya ce to in riƙa sa bayanin a saman kowane rubutu. Na gwada. Wasan da sai an yi masa bayani kuwa tuwo ne ba miya. Daga baya yaƙi ya zo ya rufe jaridar, ya hutar da mu duka.

Sai na ce bari in gina masu karatuna da hannuna, tunda ga aji cike da jikokin Hausawa. Wata rana na ajiye darasi na karanta musu labarin motar Sinnar da Hausa. Suka zuba mini ido. Can aka ɗaga hannu daga baya, aka ce, "Ya ustaz, a faɗa da Larabci." Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta faɗa har aka buga ƙararrawa. Amma laifin wa? Ni ne nake koya musu Larabcin, kuma da shi nake magana da 'yata a gida.

Na kai wa kakata ƙara. Ta ce, "Bar su. Ran da nim mutu, kak ka yi mini kuka awa mace. Ka sa lulluɓina ka ba su dariya, yadda munka yi ma tamu kaka. Nan za su gane."

Haka ake yi a da. In tsoho ya cika da shekarunsa, jikoki kan sa kayansa ranar sadaka, su kwaikwayi tafiyarsa da faɗansa, a yi dariya a cikin hawaye. Da ta rasu, na zauna na rubuta mata abin da ban taɓa rubuta irinsa ba. Na san ya yi, don ni kaina ina rubutu ina dariya ina share ido.

Ranar sadakar bakwai na yafa lulluɓinta, na ɗauki maficin, na shiga tsakar gida wurin mata ina ɗingishi irin nata. Na fara karantawa: ga matata ta gudu ba ta biya ni sukarina ba. Ba wadda ta yi dariya. Na ci gaba. Ƙawarta ɗaya da ta rage, wadda na tabbata za ta fashe da dariya, ashe kunnenta ya tafi, tana ta jan carbi. Sauran matan suka sunkuyar da kai. Wata ta ce, "La haula." Ban kai rabi ba 'yata ta taso, ta riƙe hannuna a hankali, ta ce da Larabci, "Baba, abin kunya ne. Zo mu je." Ta zare lulluɓin daga kaina, ta fitar da ni kamar marar lafiya.

Har yau a unguwa ana cewa baƙin cikin rasuwarta ne ya taɓa ni ranar, ana ma yaba mini irin son da nake yi mata. Ban musa ba, don na gaji da bayani.

Ina nan ina koyar da insha'i. Nakan yi rubutu jefi-jefi, in karanta shi da ƙarfi a ɗaki, in dakata a inda ya kamata a kawo mini duka. Maficin yana wurin 'yata a madafa, tana hura wuta da shi. Ban san ko abin da nake rubutawa yanzu yana da daɗi ba, kuma babu wanda zan tambaya.