Bangon Baƙi

Filin da ke gefen gidanmu masussuka ce tun zamanin mahaifina. Da kaka a nan ake sussukar gero da dawa. In an kwashe hatsi sai a share ƙaiƙayi a shimfiɗa tabarmi, duk wanda zai aurar da 'ya a unguwarmu a nan yake tara mutane. Akwai tsamiya a tsakiya, akwai dogon bango daga gabas wanda ya raba filin da gonarmu.

A 'yan shekarun nan bukukuwa suka fara wuce mu. Yara sun fi son zauren haya a birni, mai fitilu da kujeru masu riga. Sai a ɗaura aure a masallacinmu da hantsi, da azahar a cika motoci a nufi Kano, a bar tsofaffi suna gadin tukwane. Ban taɓa jin haushin kowa ba, sai da abin ya zo kaina.

'Yata ta fari tana karatun aikin jinya a Kano. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Da aka sa ranar aurenta, dangin ango suka ce sun ga wani zaure a birni. Ita kuwa Inna, mahaifiyata, ƙafafunta sun daina ɗaukarta nesa, mota kuma jiri take sa ta. Da ta ji labari sai ta yi dariya ta ce, "Ku je abinku, ku kawo min hoton ƙawata." Haka take kiran jikar tata. Amma washegari na tarar ta ciro zanenta na ƙasan adaka ta shanya a igiya yana shan iska.

Na kira Uwata na ce, "Me zauren nan yake da shi wanda filinmu ba zai iya samu ba?"

Ta ce, "Baba, da yawa fa."

Na ce, "Lissafo min."

Ta ce za ta turo a rubuce. In an yi duk abin da ta rubuta, a gida za a yi, ita za ta shawo kan dangin mijin.

Lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana a firamare bayan la'asar. Malaminmu ya matsa mana a kan ƙugiya, wato 'yar lanƙwasar da ta raba k da ƙ. Yakan ce yaran yanzu ba sa sa ta a waya, dole mai karatu ya sa da kansa. Na riƙe wannan magana sosai.

Saƙon ya shigo, na zauna a gindin tsamiya na kwafe shi a littafina layi-layi. Rumfa biyu, ɗaya ta mata. Kujerun roba. Wurin cajin waya. Bayan gida mai ƙofa da buta sabuwa. Wurin ajiye babura nesa da abinci. Duk na gane. Sai layi na ƙarshe: "A shafe bangon baki, nan za a yi hotuna."

Na daɗe a kan kalmar nan. Bango ba shi da baki irin na mutum, ke nan ƙugiya ce ta bari. Na sa mata. Ta zama baƙi. To baƙi masu zuwa biki ne, ko baƙi na launi? Na ce a raina baƙo ba shi da bango a gidan mutane. Saura launi. Na ɗauka sabon yayi ne, tunda na sha ganin abin da ya fi wannan a wayar yara. Da na kira ta da an gama magana a minti ɗaya. Amma wannan ne saƙo na farko da na karanta ni kaɗai daga farko har ƙarshe, ban so in ɓata shi da tambaya ba.

Magini ya shafe bangon da siminti, na sayo baƙin fenti mai maiƙo ranar kasuwar Gezawa, muka bi shi sau biyu. Maƙwabcina, abokin wasana tun muna kiwon awaki, ya tsaya da fartanya a kafaɗa ya ce, "Malam ɗalibi, har an kai ga buɗe makaranta?" Inna ta leƙo ta ce ita dai gindin tukunya take gani. Na ce musu su ba su san zamani ba.

Ranar Laraba Uwata ta iso, biki Asabar. Ta zo da ƙawarta mai sana'ar ƙawata wuraren biki. Suka duba rumfuna, suka duba wurin caji da na haɗa da farantin sola, suna gyaɗa kai. Sai suka juya gabas.

Uwata ta ce, "Baba, gobara aka yi?"

Na ciro littafina na nuna mata layin, har da ƙugiyar da na ƙara.

Ta dafe kai. "Baƙi nake nufi, Baba. Mutane. Bangon da baƙi za su tsaya a ɗauke su hoto. Fari ake shafawa."

Na ce, "Ai ba ki rubuta fari ba, Uwata."

"Ai kowa ya sani."

Na aika aka kira magini. Ya murza bangon da yatsa ya ce farin fenti ba zai rufe wannan a kwana uku ba, sai dai ya fito toka-toka yana ɓarewa. Uwata ba ta yi faɗa ba. Ta ciro waya ta fara neman lambar yayar ango, don ta ji ko zauren yana nan ba a ba wani ba. Ta bayan danga na hango zanen Inna a igiya.

Ƙawar tata ce ta matsa kusa da bangon tana shafa shi da tafin hannu. Ta ce, "Baba, wannan farin da ya ɓata maka aljihu, alli ne?"

Guntun alli ne da na taho da shi daga aji. Ta karɓa, ta zana reshe da furanni uku a sama, ta ja Uwata ta tsayar a ƙarƙashinsu da farin mayafinta, ta ɗauka da waya. Ta miƙa mata ta ce, "Ke, dubi nan kafin ki kira kowa. A birni allo nake hayowa ɗan ƙarami don a rubuta sunan ango da amarya. Ku ga naku a gine."

Uwata ta daɗe tana kallon hoton. Ta buɗe shi da yatsu biyu, ta rufe, ta sake buɗewa. Ni dai ina tsaye ina salati a zuci. Can ta jefa tata wayar a jaka ta ce, "To. Amma wanda ya jawo shi ne zai rubuta barka da zuwa."

Na zauna a kan tulin kujeru na sha ruwa kofi biyu.

Ranar Asabar da safe na hau turmi na rubuta a saman bangon: Barka da zuwa, baƙi. Na yi wa ƙugiyar girma yadda mai wucewa a babur ma zai gan ta. Aka ajiye kwalin alli a kan kujera. Abokan ango suka yi ta rubuta addu'a suna ɗaukar hoto, har maƙwabcina ya zo ya raɗa min in rubuta masa tasa. Aka fito da Inna a kujera cikin zanenta, aka zaunar da ita kusa da amarya. Ta ce ita ba ta san baƙin rubutu ko ɗaya ba, sai ta sa aka dama mata farar ƙasa, ta tsoma hannu ta danna a bangon. Ta dubi ango ta ce, "Ka ga shaidata. In ka ɓata wa ƙawata rai, wannan hannun ne zai biyo ka."

Tun daga nan an yi bukukuwa da dama a filin. Kowace amarya da abin da take so a ƙara, yanzu kuma in kalma ta rikita ni, waya nake bugawa. Bayan kowane biki nakan goge bangon da jiƙaƙƙen tsumma, in na zo wajen hannun Inna sai in kewaye shi.