Jan Murjanin Ya Fanna

A Azare, tun zamanin da mota take abin kallo, da wuya ka sami gidan Barebari da Ya Fanna ungozoma ba ta yanke cibiya a cikinsa ba. Gajeruwa ce, ga faɗa, ga haƙora jajawur da goro. Sauran ungozomomi da an yi suna sun gama nasu. Ita kuwa sai ta yi ta zarya har yaro ya zauna, riƙe da jan murjani ƙwaya ɗaya a zare. Takan kaɗa shi a gaban jariri ta ga ko ido zai bi, in ya ƙara kwana ta ga ko hannu zai kai. Mata na yi mata tsiya wai duba take yi, ita ko a jikinta.

Wata damina ta karɓi haihuwa biyu a mako guda: ɗan Larai, ƙato mai wata tara cif, da 'yar Meram, bakwaini, 'yar mitsitsiya kamar ɗan tsako. Aka naɗe ta cikin auduga, aka sa mata suna Gumsu.

Da suka yi wata huɗu, ɗan Larai ya cafke murjanin har yana neman kai shi baki. Gumsu kuwa idonta ya ɗan bi ya kauce, hannu ko motsi. Meram ta yi ta kuka. Surukarta ta ce yanar ido ce ke damun yarinyar, gobe wanzami zai zo ya ɗiga mata magani.

Ya Fanna ta shiga tsakani, don ta taɓa ganin idon da irin wannan magani ya tsiyayar.

"Iya, watanta nawa?" ta tambayi surukar.

"Huɗu mana. Ba ke kika karɓe ta ba?"

"Biyu ne. Wata biyun da ta yi cikin auduga na ciki ne, ta ƙarasa su a waje. Ɗan wata biyu me yake kamawa? Ku ba ni wata biyu. In ba ta kama ba, ni da ƙafata zan kira wanzamin."

Tsohuwa ta taɓe baki ta ce ba ta taɓa jin an rage wa mutum wata ba, amma ta yarda.

Kullum da hantsi Ya Fanna na tsugune a inuwar rumfar Meram tana kaɗa murjani, a fili tana cika baki, zuciyarta cike da tsoro. Saura kwana huɗu wa'adi ya cika, ɗan hannun Gumsu ya tashi, ya kai wa iska duka, ya sake, sai ga zare a cikin yatsu. Ya Fanna ta rangaɗa guɗar da ta kori kajin gidan.

Shekara ashirin bayan haka, idon Ya Fanna ya dushe, ta bar aiki tana zaune cikin rufin asiri. Ranar da Gumsu ta kawo mata ɗanta na fari, sai zaren murjanin ya tsinke. Tsohuwa ta yi ta laluben huda ta kasa.

"Kawo, Kaka," in ji Gumsu. Sau ɗaya ta zura sabon zare, ta ɗaure, ta danƙa mata.

Ya Fanna ta ɗaga murjanin a gaban jaririn, ta kaɗa.

"Yana bi?"

"Yana bi, Kaka."

"To madalla. Ke dai ci gaba da duba mini, idonki ya fi na kowa."