Lasifika Biyu a Bukkar Harisu

Harisu direban tarakta ne a Gadarif, mutum mai zuciya a kusa, ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya nemi faɗa. Amma kunne, kai! Inji ya yi tari daga can nesa, zai gaya maka inda ke masa ciwo. Kiɗa kuwa shi ne cinsa, shi ne shansa.

Shekarar da riɗi ya yi albarka a Fashaga, shi da ƙanensa Ɗanliti suka haɗa guminsu suka sayo rakoda da manyan lasifika biyu daga Gallabat. Harisu ya kwashe komatsan bukkarsa ya watsar waje. Ya lulluɓe bango da buhunan algarara don kada sauti ya riƙa dukan bango yana dawowa. Ya kife turmi biyu, ya ɗora lasifika ɗaya dama ɗaya hagu, ya gwada tazara da igiya, ya kafa kujera guda a tsakiya. In ya zauna ya lumshe ido, ganga ta dama take zuwa, molo ta hagu, mawaƙi kuma tsaye a gabansa. Mahaifiyarsu Goggo Atine takan ce matar aure ma ba ta samu wannan gata ba.

Ana nan Ɗanliti ya sami gona a Ƙala'at an-Nahal, zai tashi da iyalinsa. Ya shigo bukkar da rana tsaka.

"Yaya, tawa na zo ɗauka."

"Taka wace?"

"Lasifika biyu ne ai, ya zol, mutumina. Kamar rabon masussuka, buhu naka, buhu nawa."

"Kai jaki ne? Ana raba takalmi ƙafa-ƙafa?"

Ɗanliti ya fizge wayar lasifikar hagu. Ai kuwa sai Harisu ya kai masa karo a fuska. Hanci ya fashe, jini ya yi tsartuwa har kan buhunan bango. Ɗanliti ya zari sandar da ke bayan ƙofa ya sauke masa ita a gefen kai, ji kake ƙwal! Harisu ya durƙusa, ya miƙe jini na bin wuyansa, ya sunkuci turmi ya maka wa ƙanen a hannu. Ƙashi ya ce ɓas. Goggo na ihu tana "Nonona kuka sha, 'yan banza!" amma ina, sai da maƙwabta suka danne su kamar shanu.

Ɗanliti ya bar gari da ɗauri a hannu. Maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Halas, shi ke nan, riƙe su duka." Bai sake taka gidan ba, ko ranar jana'izar Goggo a maƙabarta ya tsaya.

Da raunin Harisu ya warke, ya gyara waya, ya zauna kujerarsa yana murna ya ci nasara. Ganga ta zo. Molo shiru. Ya duba waya, ya bubbuga lasifikar, ya zage ta tas. Can ya juya kujerar ya ba su baya. Sai ga molo ya zo, ganga ta ɓace. Ya kai hannu kunnensa na hagu, inda sandar ta sauka, ya fashe da kuka kamar yaro.

Har ya tsufa yana goge su biyun kowace safiya. Amma guda ɗaya yake ji, daidai rabon da Ɗanliti ya yanka masa tun farko.