Sunan Wanda Ya Koya Maka

A katin zaman Ɗan'azumi, katin da kowa a Riyad ke kira igama, an rubuta sana'arsa da ƙananan haruffan Larabci: direban gida. Shekara ashirin da uku yana yawo da wannan ƙarya a aljihun gaban rigarsa, alhali bai taɓa riƙe sitiyari ba tun da uwarsa ta haife shi. Ko motar haya ya shiga, baya yake zama, in an hau babbar hanya ya runtse ido yana salati. Aikinsa gyaran esi ne, abin da 'yan gari ke ce wa mukayyif, kuma duk unguwar Manfuha babu mai hannunsa. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin kwamfureso, ya manna ƙotar a kunne, ya saurara, sai ya gaya maka abin da ke damun na'urar da kwanakin da suka rage mata.

Ba shi ya zaɓi ƙaryar ba. Da zai baro Kano, ejan ya ce bizar direba ce kaɗai a hannu, ya shiga ƙasar tukuna, wa zai tsaya duba masa? Haka kusan kowa ya shigo. Mamane, mutumin Maraɗi da suke ɗaki ɗaya, shi ne direba na gaske, yana jan motar kayan miya daga kasuwar Aziziya, amma a katinsa makiyayi ne. Sai dai kowa ya san hukuncin: wanda aka kama yana aikin da ba shi aka rubuta masa ba, tarhil za a kai shi, gidan da ake tara waɗanda za a kora, daga can sai jirgi. Don haka a shagon da yake aiki akwai wani benci na masu kawo gyara, da tsumma rataye kusa da shi. Da zarar an hango motar masu bincike a bakin layi, sai Ɗan'azumi ya goge hannu, ya zauna a bencin, ya koma baƙon da ke jiran a gama masa aiki. Dattijo mai furfura, wanda ya aurar da 'ya'ya biyu ta waya, yana wasan ɓuya a shagon da guminsa ya raya.

Sau uku yana roƙon kafilinsa, wani tsoho a unguwar Utaiƙa da bizar ke ƙarƙashin sunansa, ya taimaka a gyara masa sana'a a takarda. Sau uku tsohon yana cewa in sha Allahu gobe, sannan ya nuna masa esin falo da ke ɗiga.

Abu ɗaya Ɗan'azumi ke tinƙaho da shi a duniya. A Fagge, inda ya tashi, ba a tambayar mai gyara takarda. Tambaya ɗaya ce: wa ya koya maka? Shi kuwa amsarsa a bakinsa take kamar Fatiha. Malam Jibrin mai firji ne ya koya masa, Malam Jibrin ya koya wurin Idrisu Dogo, Idrisu Dogo ya koya wurin wani Bakwara, mutumin kudu, da ya fara kawo injin ƙanƙara unguwar. Wanda ya ɓoye sunan malaminsa ko ya ba da na wani daban, a wurinsu ɗan iska ne, ko gaisuwarsa ba a amsawa da daɗi. Ɗan'azumi ya daɗe yana jin zafin cewa jerin sunayen nan a kansa zai tsaya, don a ƙasar mutane direba ba ya yaye almajiri.

Sai manya suka zauna, a ɗakunan da irinsa suka sanyaya musu, suka fitar da dokoki. Ta farko ta ce masu sana'ar hannu su zauna jarrabawa a ba su shaida. Ɗan'azumi ya yi murna har ya sa aka wanke masa farar riga. Da ya je, saurayin da ke bayan gilashi ya duba katin, ya turo masa shi da yatsa ɗaya, ya ce jarrabawar ta masu gyara ce, direbobi ba sa zama. Ɗan'azumi ya ce a ba shi matacciyar na'ura ɗaya a gani. Saurayin ya kira na baya.

Ta biyu ba ta shafe shi ba, ko haka ya zata. Ta ce ɗan ƙasa da ke karɓar tallafin gwamnati, in yana da lafiya, dole ya nemi aiki ko ya shiga koyon sana'a, in ba haka ba a yanke masa. A takarda magana ce mai kyau. Amma ba wanda ya tsaya ya tambaya wa zai koyar, tun da yawancin hannayen da suka iya aikin na baƙi ne, kuma da yawansu makiyaya ne da direbobi a kati.

Haka aka turo Amir. Wata cibiyar horo ce ta aiko shi shagon ya yi wata shida yana ganin aiki da ido. Mutum ne ɗan shekara arba'in da ɗaya, baƙi wuluk, mai 'ya'ya huɗu, tsohon mai gadi da aka rage su a wurin aiki. Ɗan ƙasa ne cikakke, amma kakansa daga Katsina ya taka da ƙafa ya zo hajji, bai koma ba. Mai shagon ya nuna shi ga Ɗan'azumi ya ce, “Ka koya masa komai,” ya shiga motarsa.

Ran Ɗan'azumi ya ɓaci iya ɓaci. An hana shi jarrabawa, an hana shi suna, yanzu kuma an kawo masa wanda zai gaje shi an ce ya zuba masa ilimi. Mako guda bai ce masa uffan ba, sai nuni da haɓa: wanke ragar esi, share ƙasa, ɗauko tsani. Amir ya yi duka bai ɗaga kai ba. A rana ta takwas suna kan rufin wani bene, rana tana dukan ƙeya, sai Amir ya miƙa masa ruwa da hannu biyu, ya yi magana da wata tsohuwar Hausa da ya tsinta a bakin kakarsa.

“Baba, wallah ni ban zo in ƙwace maka ba. An ce in zo, in ban zo ba su yanke abincin yara. Ni ma tura ni aka yi.”

Ɗan'azumi ya karɓi ruwan ya sha. Ya daɗe yana kallon birnin. Sannan ya miƙa masa sukundireba ya ce, “Sa a kunnenka. Me ka ji?”

“Ƙara.”

“Jaki ma ƙara yake ji. Sake saurara.”

Daga ranar ya buɗe masa ciki. Ya koya masa gane yoyon gas da kumfar sabulu, da lanƙwasa bututun tagulla ba tare da ya tsuke ba, da walda mai tsafta wadda ba ta barin ƙuraje. Ya zage shi kamar yadda Malam Jibrin ya zage shi, kalma da kalma, ya kuma raba tuwonsa da shi ranar Juma'a. Amir ba mai saurin ganewa ba ne, amma abin da ya shiga kansa ya zauna. A wata na biyar ya tayar da wata na'ura da shaguna biyu suka ce ta mutu. Ɗan'azumi bai yabe shi ba, don ba a yi. Ya dai juya baya ya goge ido da tsumman benci.

Da wata shida suka cika, Amir ya zo da takardar kammalawa. Bayan azahar ne, suna cin shinkafa a bayan shago, Mamane ma ya biyo da ragowar tumatir. A ƙasan takardar akwai layi biyu: sunan mai koyarwa, da lambar katinsa.

“Mai shago ya ce in sa sunan ɗan ƙanensa,” in ji Amir, yana kallon ƙasa. “Shi ke da shahada, takardar shaidar sana'a.”

Ɗan ƙanen nan sau biyu ya taɓa taka shagon, duka biyun kuma makullin mota ya zo karɓa. Ɗan'azumi ya cire hannu daga abinci.

“Wa ya koya maka?”

“Kai, Baba.”

“To me za ka rubuta?”

Mamane ya ajiye cokali. “Malam Ɗan'azumi, mi za ka yi? Wagga takarda kwamfuta za ta shiga. Ka bari su sa sunan yaron, mu duka mun san gaskiya.”

“Takardar makaranta ce, ba ta masu bincike ba. Ina ruwan wannan ofis da wancan?”

“Da can ne ba ruwansu. Yanzu duk bakinsu ɗaya.”

“Mamane, shekara ashirin da uku ina zama a bencin can kamar ɓarawo.” Ɗan'azumi ya buga tabarma da hannu. “Sun ce ni direba ne, na yi shiru. Sun ce ban isa jarrabawa ba, na yi shiru. Yanzu mutum ɗaya na yaye a rayuwata, shi ma a ce wani ne ya koya masa? Gobe in an tambaye shi, sunan mai makulli zai faɗa? Ina Malam Jibrin? Ina Idrisu Dogo?”

Amir bai san tsoron kati ba, don bai taɓa rayuwa da shi ba. A ganinsa girmamawa ce, kuma kakarsa ta gaya masa ba a musun malami. Ɗan'azumi ya zaro igama ya ɗora a kan tabarma, Amir ya kwafi lambar a hankali, ya rubuta sunan da kyakkyawan rubutu. Ɗan'azumi ya sa ya karanta masa layin sau biyu. Mamane ya tashi bai ƙarasa cin abincin ba.

Kwana goma sha tara aka yi. Da hantsi aka hango motar masu bincike a bakin layi, Ɗan'azumi ya goge hannu ya zauna a bencinsa kamar kullum. Mutum biyu suka shigo. Ba su duba bayan kanta ba, ba su tambayi kowa kati ba. Ɗayan ya dubi allon da ke hannunsa ya ce, “Ina mu'allim Ɗan'azumi?”

Mu'allim, wato gwanin sana'a. Tun da ya sauka a ƙasar nan, wani mai kakin hukuma bai taɓa kiran sa haka ba. Kafin hankalinsa ya ce masa zauna, ƙafafunsa sun riga sun miƙe. Suka sa shi a mota, sai tarhil.

Amir ya yi iya yinsa. Ya sa farar jallabiyarsa ya bi ofis-ofis, ya yi rantsuwa, ya ɗaga murya har aka fitar da shi daga wani. Aka ce masa doka doka ce, aka kuma ƙara masa da cewa horon nasa bai inganta ba, tun da direba ne ya koyar da shi, don haka tallafin na iya tsayawa. Cikin kwana biyu mai shago ya sa aka sake buga takardar da sunan ɗan ƙanensa. Wannan karon ta wuce sumul. Hannun da aka koya wa aikin bai canja ba, na'urorin da ya tayar suna nan suna huci a bangon mutane, amma sai da aka rubuta ƙarya doka ta gamsu. Kafili kuwa wayarsa a kashe.

Amir ya samu ganin Ɗan'azumi sau ɗaya a tarhil, ta bayan ragar ƙarfe. Ya kasa haɗa ido da shi.

“Na sa hannu a ta biyun, Baba. Yara ne.”

Ɗan'azumi ya so ya zage shi, zagin ya zo har maƙogwaro. Sai ya tuna shi da kansa ne ya zaro katin daga aljihu. “Takarda tasu ce,” in ji shi. “In an tambaye ka da baki, me za ka ce?”

Amir ya matso kusa da ragar. “Ɗan'azumi na Fagge. Shi ya koya wurin Malam Jibrin mai firji. Malam Jibrin wurin Idrisu Dogo.”

“Saura ɗaya.”

“Bakwaran mai injin ƙanƙara.”

“Je ka. Kar ka riƙa cika gas da yawa, halinka ne.”

Ranar da za a kai su filin jirgi, aka kira shi wani ƙaramin ofis ya dangwala yatsa a takardar laifinsa. Esin ofishin na kakari, ya ji tun daga ƙofa cewa fankar ta kusa tsayawa, bai gaya musu ba. Karatun Larabcinsa na allo ne, don haka ya roƙi jami'in ya karanta masa abin da zai dangwala wa. Jami'in ya karanta da sauri, cikin gajiya: an same shi yana sana'ar gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, yana kuma koyar da ita.

“Sake karantawa.”

Ya sake. Ga tambarin hukuma a sama, ga sunansa, ga sana'arsa ta gaskiya a gefen sunan. Shekara ashirin da uku yana neman layin nan, bai samu ba sai a takardar korarsa.

“A ba ni kwafi ɗaya.”

“Ya hajji, wannan takardar laifi ce.”

“Na sani. A ba ni.”

Jami'in ya ɗaga kafaɗa ya buga masa. Ɗan'azumi ya ninke ta gida huɗu, ya kula kada ninkin ya bi ta kan layin, ya sa ta a aljihun gaban riga inda igama ke zama. Sannan ya bi sahun masu fita zuwa mota, ya nemi kujerar baya.